Tamanin Ɗin da Mai Sikeli Ya Riƙa Cirewa

Mai Sikeli bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Ko a kan benci yake, ƙafarsa tana kaɗawa, hannunsa yana neman abin taɓawa. In ka miƙa masa kofin shayi sai ya jinjina shi sau biyu a tafin hannu ya ce, "Wannan bai kai na jiya ba." Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran sikeli a wani ɗan shago da ke bayan kasuwa, tsakanin mai walda da mai sayar da tsofaffin tayoyi, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa kama shi yana gyangyaɗi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, don a duniya dai bai huta ba.

Mai waldan nan shi ne amininsa. Ƙato ake ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba, shi kaɗai yake ɗaga ƙofar ƙarfe ya aza a mota alhali mutum uku suna shawarar ta ina za a kama. Tun yana saurayi bai san ƙofar asibiti ba sai in ya kai wani. Shi kuwa Mai Sikeli ɗan siriri ne, gajere, mai saurin magana, tabarau a kan karan hanci. Bango ɗaya ne ya raba shagunansu, kuma a jikin bangon akwai wata 'yar taga da Ƙato ya huda da kansa don su riƙa miƙa wa juna shayi da tsiya.

Duk wanda ya shiga shagon nan sai ya sunkuya, don sikeli ne a rataye ko'ina. Ga na mahauta mai ƙugiya, ga na masu kifi da gishiri ya cinye, ga na masu gwal a cikin gilashi, wani lokaci har da na awon jarirai daga ɗakin shan magani. A ƙarƙashin teburinsa akwai wani akwatin katako da ba ya bari kowa ya taɓa. Duwatsun awo ne a ciki, na tagulla, daga mai kilo biyar har zuwa wani ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa wanda da hantsaki yake ɗaukarsa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk sikelin da ya shigo, ko yanzu aka ciro shi daga kwali, sai ya ɗora masa dutse. Ya san nauyin dutsen, don haka in sikeli ya faɗi wani abu dabam, sikelin ne ke ƙarya. In ya gyaru, to. In tsoho ne da ya ƙi gyaruwa, sai ya liƙa masa 'yar takarda a gefe, ya rubuta da babban rubutu, "Cire giram hamsin," ya ja wa mai shi kunne kada ya ɓare ta.

Wani mai sayar da wake ya taɓa zuwa ya yi ƙasa da murya, wai a ɗan ƙara wa sikelinsa nauyi. Mai Sikeli ya karɓa ya ce ya dawo da yamma. Da ya dawo sai ya tarar an warware sikelin ɗaiɗai an zuba masa a leda.

"Ga shi nan," in ji Mai Sikeli. "Yanzu ba zai cuci kowa ba, har kai."

Ciwon suga ya shigo masa yana da shekara hamsin da takwas, kuma sikeli ne ya fara tona shi. Kullum da safe yakan hau wani babba da ke bakin ƙofa don ya gwada shi. Cikin wata biyu ya ga kilo shida sun tafi. Abu na farko da ya yi shi ne ya warware sikelin. Da ya mayar ya ɗora duwatsu ya ga lafiyarsa lau, sai ya tsaya yana kallon wandonsa. Ga ƙishirwa, ga fitsari kamar an buɗe famfo. Matarsa ce ta ɗauki mayafi wata safiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce yau ko ya bi ta asibiti ko ta je ta kira Ƙato ya saɓa shi a kafaɗa.

Ranar da aka faɗa masa sakamakon, bai koma gida ba, shago ya wuto. Ƙato ya leƙo ta 'yar tagar ya gan shi yana kwashe duwatsu daga akwati yana mayarwa.

"Me suka ce?"

"Suga."

"To ai rabin layin nan suna da ita. Mai taya ma yana da ita, ga shi nan yana cin duniyarsa."

"Sun haska idona, Ƙato. Wai akwai wasu 'yan ɗigo-ɗigo a can baya. Wai na daɗe da ciwon ban sani ba."

Ƙato ya san inda maganar ta dosa. Yayan Mai Sikeli, wanda ya koya masa sana'a, suga ce ta makantar da shi. Shekara bakwai ya yi a zaune a ƙofar ɗaki, yana shafa bango in zai je bayi, kuma Mai Sikeli ne yake zuwa yana yanke masa farce. Tun daga nan ba abin da yake tsoro a duniya kamar duhu. Mutuwa ma yana yi mata barkwanci, amma ban da wannan.

"Likitan ya ce in na riƙe sugan, ɗigon za su tsaya inda suke," ya ce. "In ban riƙe ba kuwa..." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

Washegari ya koma asibiti tare da Ƙato, don a koya masa gwaji a gida. Nas ɗin wata dattijuwa ce mai haƙuri, ta baje kayan a kan tebur: 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, kwalbar 'yan tsinken gwaji, da wani abu kamar alƙalami mai ɗan tsini a baki. Ta ce ya wanke hannu da sabulu ya bushe shi sosai, ya tsira gefen yatsa ba tsakiya ba don can ya fi zafi, ya bar tsinken ya tsotsi ɗigon jinin, ya jira lamba ta fito, ya rubuta a littafi. Da safe kafin ya ci komai ana so kada ta wuce ɗari da talatin. Awa biyu bayan abinci, kada ta wuce ɗari da tamanin.

"Mai lafiya fa?" ya tambaya.

"Mai lafiya da safe, wajen ɗari ko ƙasa da haka."

Ya ɗauki na'urar ya jinjina, ya juya bayanta, ya kai ta kusa da ido. "To ina dutsenta?"

"Wane dutse, Baba?"

"Wanda ake gwada ta da shi. Ta yaya zan san gaskiya take faɗa?"

Nas ta yi dariya. Ta ce akwai wani ruwa da ake gwada su da shi, amma ba ya zuwa a cikin kwalin nan, kuma kada ya damu, an gwada ta tun daga kamfani.

"Duk sikelin da ke rataye a shagona an gwada shi tun daga kamfani," in ji shi.

Ƙato ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Makonnin farko sun yi wa kowa tsawo. An ce ya gwada sau biyu a rana, shi kuwa sau bakwai yake yi. Kwalbar tsinken da aka ce za ta yi wata ɗaya, a kwana takwas ta ƙare. Gefen yatsunsa duk ya yi baƙi-baƙi kamar an yayyafa masoro. Ya daina zuba sukari a shayi, ya raba burodi biyu ya miƙa wa Ƙato rabi ta taga, ya riƙa zagaya kasuwa da ƙafa bayan azahar har masu tumatir suka fara tambaya ko ya yi ɓatan wani abu ne. Duk da haka lambar safe ta ƙi sauka. Ɗari biyu da ashirin. Ɗari biyu da biyar. Ɗari biyu da goma sha huɗu. Yana shan ƙwayar da aka ba shi a kan lokaci, har ƙararrawa ya saita a waya.

Wata rana ya ƙwala wa Ƙato kira ta taga, ya nuna masa yatsu biyu, kowanne da ɗigon jini.

"Duba nan. Wannan ya ce ɗari biyu da tara. Wannan ya ce ɗari biyu da goma sha bakwai. Hannu ɗaya, jini ɗaya, minti ɗaya. In sikeli ya yi mini haka a shago, ka san ina zan jefa shi?"

"To wataƙila ɗan yatsan can ya fi shan zaƙi."

"Ba wasa nake ba. Abin nan yana da nauyi. Ina ji a jikina."

A yaren shagon, sikeli mai nauyi shi ne wanda ke ƙara wa kaya abin da ba su da shi. Ƙato ya ce ya bari har ranar komawa asibiti ya tambaya, amma ranar tana da saura mako uku, kuma mako uku a wajen Mai Sikeli daidai yake da shekara. Kwana biyu ya yi yana kai-kawo tsakanin tebur da bakin ƙofa. A na uku, suna rufe shago, ya tsaya yana ƙare wa Ƙato kallo daga sama har ƙasa, irin kallon da yake yi wa sabon kaya.

"Gobe kada ka karya. Ko ruwan shayi kada ka sha. Ka zo mini a haka."

"Laifin me na yi?"

"Kai ne dutsena. Duk layin nan wa ya kai ka lafiya?"

Ƙato, wanda tartsatsin wuta ke sauka a damtsensa bai ko kaɗe ba, da ya ga ɗan tsinin nan sai ya kawar da kai ya runtse ido, ya riƙe ƙafar tebur. Mai taya ya zo wucewa ya gani, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Aka wanke hannu, aka bushe, aka tsira gefen yatsa kamar yadda nas ta koyar. Lamba ta fito ɗari da tamanin da ɗaya.

Mai Sikeli ya dubi lambar. Ya ce a sake gobe. Gobe ta ba da ɗari da saba'in da takwas, jibi ɗari da tamanin da uku. Sau uku yake ɗora dutse kafin ya yanke wa sikeli hukunci, nan ma sau uku ya yi. A rana ta uku ya jingina da bango, ya saki wata ajiyar zuciya da Ƙato bai taɓa jin irinta daga bakinsa ba.

"Ka gani ko? Mai lafiya ɗari ne. Kai mai lafiya ne. Ta ce ɗari da tamanin. Nawa ta ƙara?"

"Tamanin," in ji Ƙato, yana tsotsar yatsa.

"Wato ni duk kwanakin nan ɗari da talatin nake, ba ɗari biyu da goma ba. Abin banza ya hana ni sukuni."

Ya yanko 'yar takarda, ya rubuta "Cire 80," ya liƙa a bayan na'urar, ya danne da babban yatsa. Ƙato ya yi murna har cikin ransa. Shi ne ma ya bugi ƙirji ya ce, "Da ka tambaye ni tun farko ai da ka huta." Ya je ya sayo shayi kofi biyu, nasa da sukari cokali huɗu kamar kullum.

Daga ranar littafin ya yi kyau. Mai Sikeli ba maƙaryaci ba ne, kuma bai ɗauki abin da yake yi a matsayin ɓoye komai ba. Gyara ne ya yi, irin wanda yake yi kullum. Yana gwadawa, ya cire tamanin a ka, ya rubuta abin da ya rage da rubutunsa mai tsabta. Ranar asibiti littafin ya ɗauka, don littafi aka ce ya kawo, na'urar kuma ya bar ta a aljihun tebur. Nas ta buɗe ta ga ɗari da ashirin da takwas, ɗari da talatin da biyu, ɗari da ashirin da biyar. Ta ce da duk marasa lafiyarta haka suke da ta ƙara ƙiba. Likita ya duba ya ce a ci gaba da ƙwayar nan yadda take, ba sai an ƙara ba.

Akwai wani babban gwajin jini da ake yi duk bayan wata uku, wanda da ya tona komai. An rubuta masa takardar. Ya je, ya tarar da layi har bakin baranda, ya zauna minti ashirin ƙafa tana kaɗawa, ya tashi ya leƙa, ya dawo, ya ƙirga mutum talatin da huɗu a gabansa, ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Me zan je nema," ya ce wa Ƙato, "ina da awo a gida?" Karo na biyu ma haka aka yi. Da nas ta tambaya sai ya ce zai zo sati mai zuwa, ita kuma ta kalli littafin ta bar maganar.

Matarsa ce kaɗai ba ta gamsu ba. Wata rana ta kawo masa abincin rana ta tsaya a ƙofar Ƙato.

"Kai da kake amininsa, ka duba mini mutumin nan. Littafi yana cewa lafiya, amma randa ba ta ce haka ba. Har yanzu shi kaɗai yake shanye mini ruwa."

"Zafin gari ne, uwar gida. Ni ma nan jarka guda nake tashi da ita kafin la'asar."

"Kai ai tanki ne. Shi fa?"

Sau biyu Mai Sikeli ya canza tabarau a wata biyar, yana zagin mai shagon tabarau cewa gilashin taga yake sayar wa mutane. Sannan ya fara kai hannu yana korar abu a gaban fuskarsa, wai zare ne baƙi ke yawo. Ƙato ya taɓa leƙowa ya gan shi yana bin ɗan mitsitsin dutsen nan da hantsaki, yana kamo katako. Ya ce, "Mutumina, ka koma wajen masu ido mana." Mai Sikeli ya ce ai suga ce ke kawo matsalar ido, shi kuma sugansa yana nan a ɗaure, ga littafi.

A wata na tara wani guntun ƙarfe mai zafi ya faɗo wa Ƙato a ƙauri. Ba wani abu ba ne, ya sha irinsa ya fi a ƙirga. Amma wannan ya ƙi warkewa. Mako shida yana ɗaurewa da tsumma, yana ruwa, har ya fara wari. Ƙarshe dai ya ja ƙafa ya tafi asibiti shi kaɗai, karon farko a kan kansa. Mai wanke ciwon ya kalli gyambon, ya kalle shi, ya tura shi wajen nas ɗin nan.

"Au, abokin Baba mai dutse," ta ce. "Ka ci wani abu yau?"

Bai ci ba. Ta tsira yatsarsa da na'urar asibiti. Ɗari biyu da sittin. Ta tura shi aka ɗebi jini a hannu, bayan awa biyu ta kira shi ta ce ciwon suga ne, kuma ba na jiya ba ne, ya yi shekaru yana yawo da shi. Girman jiki ba ya hanawa.

Ta ci gaba da bayani a kan ƙwaya da abinci, amma Ƙato ya daina ji. Gwajin nan na kwana uku ne ya faɗo masa a rai.

"Sista," ya katse ta. "Mutum in bai ci komai ba da safe, aka gwada aka ga ɗari da tamanin, kwana uku a jere?"

"Mai suga ne."

"Ba na'urar ce ta ƙara ba?"

"Na'ura takan ɗan yi sama ko ƙasa, amma ba haka ba. Me ya faru?"

Ya miƙe. Ya fito da takardun magani a hannu, ya manta da hularsa a kan kujera. Daga asibiti zuwa kasuwa ba nisa, amma da ya iso bakin layinsu ya hango ƙugiyoyin sikeli suna lilo a ƙofar shagon, sai ya wuce. Ya bi ta layin masu kwano, ya ɓulla ta na masu yadi, ya dawo, ya sake wucewa. Gyambon yana zugi bai ji ba. Yana ta ƙirgawa a ransa, wata tara, wata tara. Ya tuna yadda ya bugi ƙirji. A zagaye na uku mai taya ya kira shi ya ce ko shi ma an sa shi tafiyar masu suga ne, sai ya ga ba inda za shi, ya sunkuya ya shiga.

Mai Sikeli yana tsaye a kan wani sikelin masu kifi, ya kusa manna fuska da allurar.

"Ina ka shiga tun safe? Mutum biyu sun zo neman ƙofarsu. Me suka ce da ƙafar?"

"Zauna."

"Ni? Faɗi dai, ina jinka."

"Don Allah ka zauna, ɗan'uwa."

Ya zauna a bakin benci, rabin jikinsa a waje. Ƙato ya miƙa masa takardar, sannan ya tuna ba zai iya karanta ƙananan rubutun ba, ya janye.

"Suga gare ni. Wai na yi shekaru da ita."

"Kai? Haba dai. Sun yi kusk..." Bai ƙarasa ba. Bakinsa ya tsaya a buɗe. Ƙato yana kallon lissafin yana tafiya a fuskarsa, don Mai Sikeli bai taɓa jinkiri a lissafi ba. Ya ja aljihun tebur, ya ɗauko na'urar, ya juya bayanta, ya shafa 'yar takardar da yatsa. Gefenta ya yi baƙi don taɓawa.

"Wato gaskiya take faɗa."

"Ni na cuce ka," in ji Ƙato. "Da na san..."

"Da ka san me? Kai ka ce kai dutse ne? Ni na ce." Ya ɓare takardar a hankali, ya nannaɗe ta tsakanin yatsu. "Shekara talatin ina gaya wa mutane kada su yarda da sikeli sai an gwada. Duwatsun can na akwati, duk shekara sai na kai an auna mini su. Kai kuwa na dube ka kawai na ga ƙato."

Ya ɗauko littafin da biro ja, ya buɗe shafin farko, ya fara ƙara tamanin a kan kowace lamba. Layin yana kuɓuce masa. Bayan shafi biyu ya tura wa Ƙato.

"Karanto mini, ni zan faɗa maka amsar. Ba zan kai wa matar nan littafin ƙarya ba."

Har la'asar suna yi. Ƙato yana karantowa, shi yana faɗa, Ƙato yana rubutawa da yatsunsa masu kauri, hawaye yana ɗiga a kan takarda yana gogewa da gefen hannu. Mai kifi ya zo karɓar sikelinsa ya leƙo ya koma.

Da safe suka tafi asibiti su uku har da matar Mai Sikeli, da littafi da na'ura. Wannan karon ya zauna a layi, Ƙato ya dafe masa gwiwa da hannu ɗaya har aka kira shi. Aka gwada na'urarsa tare da jinin da aka ɗiba, bambancinsu bai wuce shida ba. Nas ta karanta jan rubutun shafi bayan shafi, ta cire tabaranta ta ajiye. Daga baya ta ce ita ma da laifinta, da ta ce ya riƙa zuwa da na'urar. A ranar aka fara masa allura. Likitan ido ya ce na hagu jini ya riga ya zuba a ciki, na dama kuma za su yi ƙoƙari.

Sun yi ƙoƙarin. Sau uku aka yi masa aiki da wani haske da ke ƙona 'yan jijiyoyin da ke yoyo. Na hagu ya tafi kafin shekara ta zagayo. Na dama ya riƙe masa kusan shekara biyu, yana raguwa kaɗan-kaɗan kamar fitila mai ƙarewar batir. A shekarun nan ba a taɓa samun majinyaci mai bin doka kamarsa ba. Kullum da safe su biyu a bencin shago, hannu a wanke, kowa da na'urarsa da littafinsa. Shi yake tsira wa Ƙato yatsa, don har gobe Ƙato ba ya iya kallon tsinin, Ƙato kuma ya karanto lambobin. In ta Ƙato ta haura, ya shiga uku.

"Me ka ci jiya? Kada ka yi mini ƙarya, ina jin ƙamshin lemon kwalba a jikinka."

"Rabi ne kawai."

"Rabin akwati? Kai, ka ga ido biyun nan naka, namu ne mu biyu. Ba zan bari ka yi wasa da su ba."

Bai taɓa tayar da maganar tamanin ɗin ba, ko sau ɗaya, ko a cikin faɗa. Ƙato ne ya kasa ajiye ta. Sau da yawa yakan fara, "Wallahi in na tuna..." sai Mai Sikeli ya ce masa ƙarfensa yana hucewa, ya je ya yi aiki.

Ya ci gaba da gyara da laluben hannu, Ƙato yana leƙowa ta taga yana faɗa masa inda allura ta tsaya. Ranar da aka kawo sikelin awon jarirai, ya shafa shi ko'ina, ya daɗe riƙe da shi, sannan ya mayar wa matar da ta kawo ya kwatanta mata wani shago a ɗaya gefen gari. Ya ce wake da kifi in an yi kuskure a ci a haka, amma wannan sai mai gani. Daga ranar bai ƙara karɓar aiki ba. Amma bai zauna a gida ba, wa zai iya zaunar da shi? Kullum matarsa tana rako shi har bakin layi, ya ƙarasa da sanda, yana gaida kowa da sunansa tun kafin su yi magana, don ya san takun kowa.

A watannin ƙarshe ba abin da yake gani sai bambancin haske da duhu. Wata rana Ƙato yana walda a bakin ƙofa, ya ɗaga murfin fuska sai ya ga mutumin ya jawo kujera har gabansa, ya tsura wa wurin ido.

"Kai, matsa can. Ba a kallon wutar nan, tana ɓata ido."

"Wane idon?" Ya yi dariya har da tari. "Ci gaba, mutumina. Ina ganinta. Shuɗiya ce ko?"

"Shuɗiya ce."

"To ƙara."

Ƙato ya sauke murfin, don kada a ga fuskarsa, ya ci gaba. Da ƙofar ta ƙare sai ya jawo wasu guntayen ƙarfe da ba wanda ya sa shi, ya yi ta haɗa su da juna har sandar walda ta ƙare masa. Haka suka riƙa yi kullum bayan la'asar, wajen wata huɗu. Tarin ƙarafan da aka liƙa ba kai ba gindi ya taru a bayan shago, mai taya yana tambaya wace irin ƙofa ce wannan.

Zuciya ce ta ɗauke shi, ranar wata Talata da hantsi, bayan kwana uku a gadon asibiti. Matarsa tana riƙe da hannu ɗaya, Ƙato yana riƙe da ɗayan. Kafin nan da kamar awa guda ya juyo da fuska wajen da yake jin numfashin abokinsa, ya tambaye shi ko ya gwada yau. Ƙato ya ce ya gwada. Ya ce nawa? Ya ce ɗari da goma sha tara.

"Madalla," in ji shi. "Ka rubuta."